Daga Gadon Jinya Zuwa Teburin Karatu: Me Ya Kamata A Yi Da Tsofaffin Asibitoci?

A tsakiyar tsohon birnin Basilona, a ƙasar Sifen, akwai wani katafaren gini na dutse wanda aka aza harsashinsa a shekarar 1401 miladiyya. Ƙananan asibitoci shida aka haɗe aka mai da su ɗaya, aka raɗa masa suna Santa Creu. Fiye da shekara 500 wannan gida yana karɓar majinyata, tun daga matalauta da baƙi har jariran da aka yar da waɗanda annoba ta kayar. A nan ne shahararren mai zanen gine-ginen nan Antoni Gaudí ya cika, ranar 10 ga Yuni, 1926, kwana uku bayan taragon cikin gari ya banke shi. Ganin tsofaffin tufafin da ke jikinsa ya sa aka ɗauka mabaraci ne, aka kai shi asibitin talakawa. Ba a jima ba bayan haka aka gama kwashe majinyata zuwa wani sabon asibiti da aka gina a wata unguwa. Wanda duk ya shiga tsohon ginin a yau, tebura da kujeru da kantocin littattafai zai tarar a inda da ake jera gadaje. Tun 1940 babban laburaren yankin Kataloniya yake zaune a ciki, a gefe guda na harabar kuma akwai ƙaramin laburare na 'yan unguwa inda yara 'yan makaranta ke zuwa aron littafi.

Ra'ayina shi ne mutanen Basilona sun yi daidai, kuma duk garin da ke da tsohon asibiti wanda aikin likita ya riga ya fi ƙarfinsa, ya kamata ya yi tunanin irin wannan kafin ya kira masu rusau. Dalilaina na malamin ilmin halittu ne. Akwai abin da ke jikin waɗannan gine-gine da ya dace da mai karatu matuƙa, akwai abin da jama'a ke tsoro a cikinsu wanda bai kai a ji tsoronsa ba, sa'annan akwai haɗarin gaske wanda ba kasafai ake kawo shi a ka ba.

Basilona ba ita kaɗai ba ce. A birnin Balansiya, a gaɓar tekun gabashin Sifen, an kafa wani gida a 1409 don kula da masu taɓin hankali, kuma ana lissafa shi cikin na farko-farko irinsa a Turai. A 1512 aka haɗe shi da sauran asibitocin birnin ya zama babban asibiti. Da aka tashi daga cikinsa a farkon shekarun 1960, har an fara rushe shi, sai mutanen gari suka yi ca, aka dakatar da aikin, babban ɗakin jinya ya tsira. Tun 1979 laburaren jama'a na birnin yake cikinsa. Siffar ɗakin abin lura ce: dogayen zauruka huɗu ne suka haɗu a tsakiya ƙarƙashin ƙubba, kamar mararrabar hanya. An yi haka ne domin majinyata daga kowane reshe su iya hango wurin ibada da ke tsakiya, masu jinya kuma su iya sa ido a kan kowa daga wuri guda. To, abin da ma'aikacin laburare yake bukata ke nan, ya zauna a tsakiya yana ganin masu karatu ba tare da ya yi ta zirga-zirga ba. A Milan ta Italiya ma, asibitin da aka fara ginawa a 1456 ya zama mazaunin jami'ar birnin, zauren jinyarsa mai irin wannan siffa kuma ya zama ɗakin karatu. A Faris, wurin da ake kira Saint-Lazare ya fara da gidan kutare, ya zama kurkuku, ya zama asibiti, a 2015 aka buɗe laburare a cikinsa.

Asibiti da littafi ma tsofaffin maƙwabta ne. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da taskar littattafai, kuma Ibn al-Nafis, likitan da ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu kafin ya koma zuciya, ga wannan asibiti ya bar gidansa da littattafansa lokacin da ya rasu a 1288.

Kuskuren da ya haifi alheri

Me ya sa tsofaffin asibitoci suke da dogon rufi da manyan tagogi? Amsar tana cikin tarihin kimiyya. Kafin a gano ƙwayoyin cuta, likitocin Turai sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke haddasa ciwo, wato warin da ke tashi daga fadama da juji da gawa da jikin majinyaci. Sunan da Turawa ke kiran zazzaɓin cizon sauro da shi, maleriya, daga Italiyanci yake, ma'anarsa mugunyar iska. Sai a 1897 Ronald Ross ya nuna cewa sauro ne ke ɗauke da cutar. Tun da an ɗauka iska ce abokiyar gaba, sai aka shiga neman hanyar korar ta daga ɗaki. Florence Nightingale, wadda ta ga yadda sojoji ke mutuwa a cunkusassun asibitoci lokacin yaƙin Kirimiya, ta wallafa littafi a 1859 game da tsarin asibiti, ta dage a kan dogon ɗaki mai gadaje kimanin talatin, da rufi mai tsawo, da tagogi masu fuskantar juna domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Wannan tsari ya bazu a duniya, har ya iso ƙasashenmu a zamanin Turawan mulki, aka ƙara masa baranda saboda rana. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a tsohon asibitin En'e ya san irin ɗakin da nake nufi.

Bayanin nasu kuskure ne, amma aikin da ya fito daga cikinsa ya yi amfani, domin wasu cututtukan lalle ta iska suke yaɗuwa, ko da yake ba wari ne ke kawo su ba. Mai tarin fuka idan ya yi tari yakan fesa ƙananan ɗigo masu ɗauke da ƙwayar da Robert Koch ya gano a 1882, ɗigon kuma yana iya yin sa'o'i yana shawagi a rufaffen ɗaki. Iskar da ke ratsa ɗaki tana kwashe shi. An auna wannan a asibitoci takwas na birnin Lima, a ƙasar Peru, aka wallafa sakamakon a 2007. Masu binciken sun ƙirga sau nawa iskar ɗaki ke sabuntuwa cikin sa'a guda idan an buɗe ƙofofi da tagogi. A ɗakunan da aka gina fiye da shekara 50 kafin binciken, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun sami sau 40. A ɗakunan zamani masu dogaro da taga, sau 17. Ƙa'idar da aka gindaya wa ɗakunan keɓe majinyata masu injin zuƙe iska kuwa sau 12 ce. Ashe tsohon ɗaki ya ninka na inji fiye da sau uku, ba tare da ya ci ko kwabo na lantarki ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu a cire gadajen a zuba ɗalibai ɗari suna shirin jarrabawa. Kowannensu yana fitar da numfashi mai ɗauke da iskar kabon kimanin kashi 4 cikin ɗari, alhali a iskar waje kimanin kashi 0.04 cikin ɗari ce kawai. Kowane jiki kuma yana fitar da zafi kamar na ƙwan lantarki mai wat 100, ga tururin gumi. A ɗaki mai gajeren silin da ƙananan tagogi, kafin sa'a biyu sai ka ga ana hamma ana gyangyaɗi, malamai kuma mukan ɗora laifin a kan lalaci. A dogon ɗaki kuwa iska mai zafi tana tashi sama ta bar mazauna, sabuwa tana shigowa. Hasken rana da aka tanada don majinyaci shi ne fitilar mai karatu daga safe har la'asar. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Shin cuta tana zama a jikin bango?

Wannan ita ce tambayar da na san tana zuciyar mai karatu, kuma ba abin dariya ba ce. Turawa ma sun yi irin wannan fargaba, har game da littafi kansa. A 1907 dokar lafiyar jama'a ta Ingila ta hana mai cuta mai yaɗuwa aron littafi daga laburare, a wasu wuraren ma an riƙa turara littattafai da magani ko a ƙone su. A 2020, lokacin annobar korona, laburarori da yawa sun riƙa ajiye littafin da aka dawo da shi na 'yan kwanaki kafin a sake ba da shi.

Abin da ilmin halittu ya nuna shi ne mafi yawan ƙwayoyin da ke sa wa ɗan Adam ciwo sun saba da jikinsa har ba sa iya daɗewa a wajensa. Suna bukatar ɗumi na digiri 37, da danshi, da abinci. Busasshen bango ba ya ba su ko ɗaya. Bairos irin na mura ko ƙyanda ko korona ba ya iya hayayyafa sai a cikin rayayyen jiki, a kan tebur ko takarda kuwa sa'o'i ko kwanaki yake yi ya lalace. Ƙwayar kwalara ba ta jure bushewa. Ƙwayar tarin fuka ta fi su tauri saboda fatarta mai kama da kakin zuma, tana iya yin makonni ko watanni a busasshen majina a wuri mai duhu, amma hasken rana kai tsaye yana kashe ta cikin sa'o'i. Tun 1877 wasu Ingilawa biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hallaka bakteriya. Kuturta, wadda aka fi ƙyama, ita ce ma mafi wuyar ɗauka. Kimanin mutum 95 cikin ɗari jikinsu yana iya kare kansa daga ƙwayarta, kuma sai an daɗe ana cuɗanya da wanda bai sha magani ba take kamawa. Ƙwayar tana da tsirfa ƙwarai, har yau masana ba su iya renon ta a kwanon gwaji ba tun da Hansen ya gano ta a 1873. Abin da ya gagari masana da dukan dabarunsu, ba fasasshen siminti ne zai raya shi shekara ashirin ba.

Akwai 'yan tsiraru da suka fita daban. Wasu bakteriya idan sun ji wuya sukan dunƙule su shiga ƙwanso mai tauri su yi barci. Wadda ke kawo muguwar gudawa a asibitoci bayan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta tana iya yin watanni a haka, ta antaraks mai kashe dabbobi kuwa tana yin shekaru gommai a cikin ƙasa. Saboda haka wajibi ne a san tarihin gini, a san inda aka yi ɗakin gwaji da inda aka binne shara, a wanke da sinadarin bilic, a kankare tsohon yaɓe a sake sabo. Wannan aiki ne na makonni, kuma sananne ne ga ma'aikatan lafiya.

Saura batun mutuwa. Wasu za su ce ai ba ƙwayar cuta suke gudu ba, wurin ne da rayuka da yawa suka fita. Ba ni da ma'aunin da zan auna wannan da shi, kuma ba na raina mai jin haka. Abin da kawai zan tuna masa shi ne babu tsohon gida a birnin Kano ko Katsina ko Damagaram da ba a yi mutuwa a cikinsa ba, kuma ba mu ƙaurace musu ba. A asibiti an haifi mutane, an kuma sallami waɗanda suka warke, sun fi waɗanda suka rasu yawa nesa ba kusa ba.

Haɗarin gaske

Abin tsoro a yasasshen asibiti iri biyu ne: kayan da aka bari, da sababbin 'yan hayar da suka tare bayan mutane sun tashi.

A watan Satumba na 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Barazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibitin ƙona ciwon daji da aka tashi aka bari. Suka kwance wata na'ura suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. A cikinta akwai sinadarin siziyam-137, mai fitar da tururin nukiliya. Da aka fasa, sai aka ga wani gari mai sheƙi shuɗi a cikin duhu, aka yi ta rabawa 'yan'uwa da abokai don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida, an sami kusan mutum 250 da abin ya shafa, an auna fiye da mutum 112,000, an kuma rushe gidaje. Ƙarfin siziyam-137 sai bayan shekara 30 yake raguwa da rabi. Wannan labari ya isa ya nuna cewa barin asibiti a yashe ba tare da mai kula ba ya fi mai da shi laburare haɗari, domin kango ba ya hana 'yan gwangwan shiga.

Ba kowane asibiti ne ke da irin waccan na'ura ba, amma kusan kowanne yana da zaiba. Tsofaffin ma'aunan zafin jiki da na hawan jini da ita suke aiki, idan sun fashe takan gangara ta maƙale a tsagar daɓe, tana tururi a hankali, tururin kuma yana illa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Akwai dalma a tsohon fenti da tsofaffin bututun ruwa da bangon ɗakin ɗaukar hoton ƙashi. Mun ga abin da dalma ke yi wa yara a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwa suka rasu sanadin ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gida. Sa'annan akwai asbesto, wanda aka yi ta rufi da silin da shi a tsakiyar ƙarni na 20. Muddin yana zaune lafiya bai cika cutarwa ba, amma idan aka fasa shi ko aka yanka, zaren da ido ba ya gani yakan shiga huhu, ciwon kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 yake bayyana. Leburan da aka ba guduma aka ce ya farfasa silin, shi zai biya wannan bashi, ba ɗan kwangila ba.

Sababbin 'yan haya kuwa su ne jemagu da tantabaru da ɓeraye. A tarin kashin jemage da na tsuntsaye wata funfuna takan tsiro, wanda ya share shi a bushe ya shaƙi ƙurar yana iya kamuwa da ciwon huhu mai kama da tarin fuka. Dole a jiƙa shi da ruwa tukuna, mai shara kuma ya rufe hanci da baki. Ɓera kuwa, a yankinmu ba sai an faɗa ba, wani nau'insa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno.

Abin da ya dace da mutum, ya dace da littafi?

A nan ne gizo ke saƙa. Takarda daga itace take, wato zaren selulos ce, abinci ce ga halittu da yawa. Hasken da ke kashe ƙwayar cuta shi ne kuma ke kakkarya wannan zare. Jarida ta fi saurin nuna haka, domin ba a cire mata sinadarin lignin ba, shi ya sa take yin ja idan ta sha rana. Zafi ma yana gaggauta lalacewa: ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin irin wannan canji. Idan laimar iska ta wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ta daɗe a haka, funfuna takan kama littafi. A ƙasar Hausa muna da matsalar ta fuska biyu, da damina laima ta yi yawa, da hunturu kuma iska ta bushe har takarda ta riƙa karyewa, ga ƙura. Kyankyaso yana cin gam ɗin da aka ɗaure littafi da shi. Gara kuwa ita ce uwa uba. Wasu nau'o'inta suna da ƙananan halittu a cikinsu masu narka musu selulos, wasu kuma, irin masu gina suri, noman funfuna suke yi a cikin gidansu, ita ke narka musu ciyawa da itace. Ta ƙarƙashin ƙasa take zuwa, ta bi tsagar bango, ta cinye cikin littafi ta bar bangonsa tsaye kamar ba abin da ya faru.

Ashe ke nan taga buɗaɗɗiya alheri ce ga mai karatu, sharri ce ga littafi. Maganin abin shi ne a raba su. A Basilona, cikin shekarun 1990, an haƙa ma'ajiya mai hawa huɗu a ƙarƙashin ƙasa, mai kantocin da tsawonsu ya haura kilomita 40 idan aka jera, inda ake daidaita zafi da laima, aka bar manyan zaurukan ga masu karatu. Ƙaramin gari ba shi da kuɗin wannan, kuma ba ya bukata. Laburaren 'yan makaranta ba taskar rubuce-rubucen da ba su da na biyu ba ne. Ya isa a jera tebura a bakin tagogi, a sa kantoci na ƙarfe a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa kamar taƙi guda, a janye su daga jikin bango domin a riƙa ganin hanyar gara tun tana sabuwa. Littattafai masu daraja a sa su a ƙaramin ɗakin da da ake ajiye magani, wanda dama an gina shi don ya yi sanyi da duhu.

Akwai kuma nauyi, wanda mutane ba sa tsammani. A ƙa'idar gini ta Amurka, ana tsara daɓen ɗakin majinyata ya ɗauki kimanin kilo 195 a kowace murabba'in mita, amma daɓen da za a jera kantocin littattafai a kansa sai ya ɗauki kimanin kilo 730. Kusan ninki huɗu ke nan. Wanda ya loda littattafai a benen tsohon asibiti ba tare da injiniya ya duba ba, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin tsofaffin asibitocin ƙasashenmu a ƙasa suke, ba su da bene.

Masu ja da wannan ra'ayi

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce: a ƙasar da majinyata ke kwana a baranda don rashin gado, wane mai hankali ne zai ba littafi ɗakin asibiti? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ne sharaɗina na farko. Majinyaci ne ke da haƙƙin farko a kan ginin da aka yi dominsa. Basilona da Balansiya ba su kori majinyaci ko ɗaya ba, sai da aka gina sabon asibiti aka koma. A arewacin Nijeriya an kafa wuraren jinyar kutare tun shekarun 1930, irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna a 1981, masu kwanciya saboda kuturta suka ragu ƙwarai, aka karkatar da wuraren zuwa wasu ayyukan lafiya. Babbar Ruga, alal misali, ta zama cibiyar ƙasa ta yi wa mata aikin yoyon fitsari. Wannan shi ne daidai, kuma babu laburaren da ya kai shi muhimmanci. Maganata a kan ginin da likita ya riga ya juya wa baya take, wanda ba za a iya ja masa bututun iskar numfashi ba, ba shi da wurin tiyata na zamani, ko kuma gari ya cinye shi har motar asibiti ba ta iya kaiwa ƙofarsa. Irin wannan gini, idan ba a ba shi aiki ba, ƙarshensa ko dai kango ko kuma a sayar da filin a yi shaguna.

Na biyu, za a ce gyara ya fi sabon gini tsada. Wani lokaci haka ne, musamman idan akwai asbesto da yawa ko harsashi ya zauna, kuma ba kowane tsohon gini ne ya cancanci ceto ba. Sai dai mai wannan lissafi yakan manta da farashin fili. Tsohon asibiti a tsakiyar jama'a yake, inda yaro zai iya zuwa da ƙafa bayan an tashi daga makaranta, sabon laburare kuwa a bayan gari ake samar masa wuri, inda sai mai kuɗin mota. Yakan kuma manta cewa sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kimanin kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama, bangon da ke tsaye kuwa ya riga ya biya nasa. Sake wa gini aiki ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsohon ginin Kwalejin Katsina ya zama gidan tarihi, Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda aka fara makarantar boko a 1909, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar. Asibiti ne kawai muke ɗari-ɗari da shi.

Na uku, wani ɗalibi zai ce ai yanzu littafi yana cikin waya. Gaskiya ne, amma waya ba ta ba da kujera, ba ta ba da shiru, ba ta raba yarinya da aiken gida na sa'a biyu. Gidan da mutum goma ke kwana a ɗaki biyu, ko an cika wayar da littattafan duniya, babu inda za a zauna a karanta.

Ga malaman kimiyya, wannan batu darasi ne da ba ya bukatar kayan gwaji masu tsada. A yanka jarida gida biyu, a sa rabi a taga rabi a cikin akwati, a duba bayan mako biyu. A sa gutsuren burodi a kwalabe biyu, ɗaya busasshe ɗaya da 'yar jiƙaƙƙiyar auduga, a rufe, a ga wanda funfuna za ta fara kamawa, amma kada a buɗe kwalbar a shaƙa. Idan kuma akwai tsohon ɗakin shan magani ko ɗakin jinya da aka daina amfani da shi a garinku, a nemi izinin hukuma a je da ɗalibai, a tsaya daga waje idan rufin ba shi da tabbas. Su auna tsawo da faɗi da tsayi, su ƙirga tagogi, su lissafa girman tagogin a kan girman daɓe, su riƙe ma'aunin zafi a inuwar barandarsa da ƙarfe biyu na rana, sa'annan su koma ajinsu su yi irin wannan awo. Lambobin da suka samu, su rubuta su a takarda, shugaban makaranta ya sa hannu, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da hakimi kafin wani ya riga su da takardar neman fili.